Shakul: Ɗan Ƙarfen da Masu Ɗaga Bayan Mota Ke Mantawa da Shi

Motocin da ke lodi a Agadas za su Dirku, Bilma ko wuraren haƙar zinariya na Jado suna da wata tsayuwa da ba a ɓata ta. Kafin a ɗora kaya, bayan motar yana sama, gabanta a sunkuye, tsakanin taya da jikin mota akwai filin da ya isa mutum ya zura kansa ya leƙa. Ba haka Toyota ta ƙero su ba. An kai su gareji an ƙara musu fallen sifirin biyu ko uku, wani lokaci an kwance na asalin an buga musu guduma sun ƙara lanƙwasa, saboda idan aka jera jarkunan ruwa da na mai, aka ɗora buhunan abinci, mutane suka hau bisa, motar ta zauna daidai ba tare da taya ta goga jiki ba. Irin wannan aikin ake yi wa motocin da ke shiga kasuwannin ƙauye ta tuddan rairayi na Yusufari, da masu ɗebo kayan gona daga fadamun Haɗeja da Nguru, da tsofaffin Land Rover ɗin da har yanzu suke hawa da sauka a tsaunin Mambila.

Maganar da ake yi a gareji ba ta da tsawo. Direba ya ce, “Oga, a ɗaga min bayanta, tana zama da yawa.” Bakanike ya aiki yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo fallaye, a kwance, a haɗa, a ɗaure. Awon da ake yi guda ɗaya ne: kowa ya ja da baya ya kalli tsayin motar. In ta tashi, aiki ya yi kyau. Bayan mako biyu direban zai dawo yana cewa motar ta bushe, bayansa na ciwo, ko farfela na kuka a kan kwalta, ko ya faɗa rami an ji ƙara, gefe ɗaya ya ƙi komawa yadda yake. Sai a canza shokazoba, a zargi taya, a zargi hanya. Da wuya a samu wanda zai durƙusa ya dubi wasu ƙarafa biyu da tsawonsu bai wuce tafin hannu ba, waɗanda ke rataye a ƙarshen sifirin ta baya. Su ne shakul, kuma karkatarsu tana faɗin kusan duk abin da ya faru da motar.

Sifirin mai fallaye ya girmi mota. Wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar irinsa tun 1804, kuma har yau dabarar ba ta canza sosai ba. Fallayen ƙarfe ne masu tsawo daban-daban aka ɗora kan juna, ƙusa ɗaya ta ratsa tsakiyarsu, aka ɗaure aksil a wurin. Fallen sama, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne uwar sifirin, kuma an naɗe bakinsa biyu sun zama ido. Idon gaba yana ɗaure a jikin shasi, yana juyawa amma ba ya gusawa. Idon baya kuwa dole ya samu wurin gusawa. Dalilin yana nan a bakan maharbi: in aka ja tsirkiya baka ya lanƙwashe, bakinsa biyu sai su kusanci juna, in aka saki ya miƙe sai su yi nisa. Sifirin ma in nauyi ya danne shi yana miƙewa, tazarar idanunsa ta ƙaru. In taya ta faɗa rami nauyi ya sauka daga kansa, sai ya ƙara lanƙwasa, tazarar ta ragu. Da za a ɗaure idanun biyu kam a jikin shasi, da sifirin bai motsa ba sai dai ya karye. Shakul ne ke karɓar wannan ƙaruwa da raguwa. Kansa na sama yana rataye a wani mariƙi a jikin shasi, na ƙasa yana riƙe da idon sifirin, yana lilo baya in an danna, ya dawo gaba in an saki.

Kamfanoni da yawa sun bar wannan tsari sun koma sifirin mai murɗi. Land Rover ta yi haka da ƙirar 110 a 1983, Land Cruiser ƙirar 80 ta fito a 1990 da mai murɗi gaba da baya, Jeep Wrangler ta bi sahu da ƙirar 1997. Amma motocin da aka yi don kaya sun ƙi rabuwa da shi. Hilux, tun fitowarta a 1968, da fallaye take tafiya a baya. Land Cruiser ƙirar 70, wadda ta fito a 1984, ta sami mai murɗi a gaba a 1999, amma a baya Toyota ta bar mata fallaye, sai ma ta ƙara musu tsawo. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa lalacewa nesa da gari: sifirin mai fallaye yana ɗaukar nauyi, yana riƙe aksil a mazauninsa ba tare da wasu sanduna ba, kuma in falle ɗaya ya karye ana iya ɗaure sauran a lallaɓa a kai gari. Sauƙin gyaran nan ne kuma ya sa kowa ke ganin zai iya taɓa shi.

Lissafin da ba a yi a gareji

A ɗauki misali don a ga girman abin. A ce uwar sifirin tana da tsawon santimita 120 daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, in an bi lanƙwasarta da tef. A ce kuma, mota na tsaye, zurfin lanƙwasar santimita 10 ne. Tazarar idanun a miƙe za ta kama kusan 118. Yanzu a buga mata guduma, ko a cusa fallaye masu tauri a ƙarƙashinta, har zurfin ya kai 20. Ƙarfen bai ƙara tsawo ba, yana nan 120 ɗinsa, amma tazarar idanun ta sauko ƙasa da 111. Idon gaba ba ya gusawa, saboda haka idon baya ne ya matso gaba da kusan santimita 7.

Santimita 7 ba wani abu ba ne a jikin motar da ta kai mita biyar. A wurin shakul kuwa babban abu ne, domin shi duka tsawonsa tsakanin ƙusoshinsa biyu bai wuce santimita 10 ko kusa da haka ba. In da farko ƙasansa ya karkata baya da santimita 5, wato digiri 30 daga tsaye, to yanzu ya wuce tsaye ya leƙa gaba da santimita 2. Motar ta tashi, kowa ya yaba, amma ɗan ƙarfen da aka rataya don ya ba sifirin hanya ya koma yana tare masa hanya.

Yadda hakan ke aukuwa shi ne, shakul ba ya iya tura abu sai ta tsawonsa. Nauyin mota yana sauka ta mariƙin sama, ya bi jikin shakul ya isa idon sifirin. In ƙasan shakul ya karkata baya, turin yana zuwa ƙasa da baya lokaci guda, wato yana taya sifirin miƙewa, sai a ji motar ta yi laushi. In yana tsaye daidai bisa layin da ya haɗa idanun biyu, ba ya ƙarawa ba ya ragewa, sifirin yana aiki da ƙarfinsa na asali. In kuwa ƙasansa ya leƙa gaba, turin yana matse idon zuwa ciki, yana hana sifirin miƙewa. Kafin fallaye su fara aiki, sai idon baya ya fara gangarowa ƙasa ya zagaye ƙarƙashin mariƙi, kuma ba kowane karo ne ke da ƙarfin tilasta masa yin haka ba. Ƙananan duwatsu da gargadar hanyar burji sai su wuce kai tsaye zuwa shasi, daga shasi zuwa kujera. Wannan shi ne bushewar da direba ke kuka da ita. Tayar da ba ta bin ƙasa kuwa tsalle take yi, kuma a kan gargada, mota ba kaya, baya mai tsalle yana iya zamewa gefe a kwana ba tare da ya yi sallama ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A ci gaba da misalin nan: mariƙin shakul yana nesa da idon gaba da kusan santimita 113. Motar ta hau tudun rairayi ta gangara, ko taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo ta rataya a iska. Sifirin ya saki jiki, zurfinsa ya kai 27, tazarar idanunsa ta sauko wajen 102. A haɗa da tsawon shakul 10, an sami 112, bai ma kai 113 ba. Ma'ana shakul ya miƙe sambal a layi ɗaya da sifirin, an ja shi har ƙarshe. Lokacin da nauyi ya dawo, ba abin da ya tilasta masa komawa ta ƙasa. Yana iya naɗewa ta sama ya manne da shasi. Kanikawa kan ce shakul ya juya. Daga nan gefen ya kulle, motar ta karkace, kuma in direba ya ci gaba da tafiya uwar sifirin ce ke lanƙwashewa kusa da ido ko ta tsinke. Mayar da shi sai an ɗaga shasi da jak an sa doguwar sanda an banƙare, aikin da ke cin yatsun mutane a kan rairayin da jak ba ya samun wurin tsayawa. Kuma sifirin da ya taɓa juyawa ya riga ya ji rauni ko da ido bai gani ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa matsalar. Wani zai sayo sifirin wata mota da ya fi na asali tsawo, ya ɗaura a mariƙi na da, sai shakul ya kwanta baya sosai tun mota ba kaya. Da farko direba zai ji daɗi, don ta yi laushi. Amma lilon ya kusa ƙarewa tun ba a fara tafiya ba. Da an yi lodi sai idon sifirin ya bugi shasi, ko shakul ya miƙe ta baya ya rasa sauran abin bayarwa, sifirin ya zama sandar ƙarfe. Alamarsa ana ganinta: wani wuri mai ƙyalli a jikin shasi inda ido ke bugu, da bushin da ke mutuwa duk bayan 'yan makonni.

Digiri 45 na Amurkawa

Inda aka fi tattauna wannan batu shi ne Amurka da Ostareliya, wurin mutanen da ke ɗaga mota don sha'awar hawa duwatsu. A Moab ta jihar Utah ana taron masu Jeep duk shekara tun 1967, kuma hanyar Rubicon a Kalifoniya ta yi suna har Jeep ta raɗa wa wata ƙirarta sunan. Ɗaya daga cikin motocin da suka fi jawo maganar shakul a can ita ce Jeep Cherokee ƙirar XJ, wadda aka yi daga 1984 zuwa 2001, mai murɗi a gaba, fallaye a baya. Da an sa mata sifirin mai zurfi sai shakul ɗinta ya miƙe tsaye, bayan ya bushe. Yawan masu wannan kuka ya sa kamfanonin kayan gyara suka ƙera wani mariƙi mai jerin huji, wanda ake ɗaurawa a gurbin na asali, mai mota ya zaɓi hujin da ya ba shi karkatar da yake so. A bakin waɗannan mutane ne lambar nan ta digiri 45 ta yaɗu, har ta zama kamar doka.

Lambar tana da ma'ana a wurinsu. Mai hawa dutse yana so taya ɗaya ta nutse cikin rami ɗaya kuma ta hau bisa dutse, duka huɗun suna taɓa ƙasa. Shakul da ya kwanta rabi yana da sauran tafiya mai yawa zuwa gaba, don haka taya na iya sauka ƙasa sosai kafin a ja shi ya miƙe. Kayan da ke bayan motarsa kuma ba su wuce tanti da akwatin sanyi da tayar safaya ba. Nauyinta da safe shi ne nauyinta da yamma.

Motar da ke tashi daga Agadas ba haka take ba, kuma a nan nake ganin kuskure ne a kwafo lambar a manna. Tamu ɗagawar don kaya ake yin ta. Mota ɗaya tana iya fita da tan guda ko fiye a bayanta, ta dawo wayam. Shakul da ya kwanta digiri 45 mota ba kaya, in aka yi masa irin wannan lodi, zai kai ƙarshen lilonsa tun a tasha. Abin da ya dace da motar kaya shi ne a dube ta sau biyu. Ba kaya, ƙasan shakul ya kasance ya karkata baya a fili, ko da digiri 15 zuwa 25 ne, kada dai ya tsaya cak, balle ya leƙa gaba. Da cikakken lodin da aka saba ɗauka, ya kwanta ya doshi 45, kuma a ga sauran fili tsakaninsa da shasi. In motar ta kasa cika sharuɗɗan biyu tare, ba shakul ne da laifi ba: ko tsawon uwar sifirin bai dace da mazauninta ba, ko kayan sun fi ƙarfin motar.

Duk wannan bayani ya shafi tsarin da mariƙi ke sama, idon sifirin ke ƙasa, irin na Hilux da Land Cruiser da Cherokee. Manyan a-kori-kura na Amurka da yawa, irin na Ford da Chevrolet, nasu a juye yake: mariƙi a ƙasa, idon sifirin a sama, nauyi yana jan shakul maimakon danna shi. A irin wannan, dogon shakul sauke mota yake yi. Wanda irin motar ta shigo garejinsa ya lura kafin ya yanka ƙarfe.

Awon kansa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, daidai, nauyinta a kan tayoyinta. A ɗaura ƙaramin noti a bakin zare, a riƙe zaren a tsakiyar ƙusar sama ya sauko, a auna tazarar da ke tsakanin zaren da tsakiyar ƙusar ƙasa. Ga shakul mai santimita 10, tazarar uku da rabi tana nufin digiri 20, biyar tana nufin 30, bakwai tana nufin 45. Wayoyin hannu da yawa ma suna da manhajar auna karkata. A auna gefe biyu, domin in sun bambanta to sifirin ɗaya ya gaji ko mariƙi ɗaya ya goce. Sannan a ɗaga shasi da jak, a tokare shi da abin da ba zai zame ba, a bar aksil ya rataya, a duba ko shakul ya kusa miƙewa layi ɗaya da sifirin. Wannan gwaji na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke nuna ko shakul zai juya a daji.

Dogon shakul da abin da yake jawowa

Maganin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a ƙara wa shakul tsawo. Mai walda zai yanko ƙarfe biyu, ya huda, cikin awa ɗaya an gama. Yana da amfaninsa: dogon shakul yana ba sifirin mai zurfi ƙarin wurin lilo, yana kuma nisanta shi daga juyawa. Abin da ba ya yi shi ne gyara karkatar da ta riga ta ɓaci. In idon sifirin yana ƙarƙashin mariƙi daidai, ko an ninka tsawon shakul yana nan tsaye. Ɗagawar da yake bayarwa ma rabi ce, don aksil yana tsakiyar sifirin kuma baki ɗaya kawai aka sauke: ƙarin santimita 5 a shakul yana ɗaga mota kusan biyu da rabi. Wanda ke neman santimita 8 ta wannan hanya sai ya ƙara 16, ya wayi gari bayan motarsa yana tsaye a kan dogayen ƙarafa marasa tokari, suna rangaji hagu da dama a kowace kwana, suna cin bushin suna fizgar mariƙi. Shakul da ya wuce na asali da fiye da santimita huɗu ko biyar ya kamata a yi shi da ƙarfe mai kauri, a haɗa fallayensa biyu da tokari a tsakiya. Akwai kuma irin da ake sayarwa mai ɗan hannu da ke tokare sifirin ko shasi kafin shakul ya kai ga juyawa. Masu lanƙwasa kamar gwiwa kuwa an yi su ne don su kauce wa wani ƙarfe da ke kan hanya. Karkatar da ake aunawa tana nan a layin da ya haɗa ƙusoshin biyu, ko wace siffa jikin ya ɗauka.

Sannan ga farfela. Sauke bakin sifirin na baya yana juya aksil, hancinsa inda farfela ke shiga ya ɗaga sama. A sifirin mai santimita 120, ƙarin santimita 5 yana juya shi fiye da digiri 2. Kuros ɗin da ke bakin farfela, in yana aiki a karkace, ba ya juyawa da gudu ɗaya: yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Abin da ke ɓoye wannan shi ne kuros na ɗaya bakin, wanda ke warware abin da na farko ya yi, muddin karkatarsu ta zo ɗaya, bambancin bai wuce digiri guda ba. Da zarar aksil ya juya, daidaiton ya tafi. Sai a fara jin wata rawa a ƙarƙashin kujera in an kai wani gudu, kuros yana mutuwa da wuri, roba mai tare man aksil tana yoyo. Ana gyara wannan da wani ɗan ƙarfe mai kauri a baki ɗaya da siranta a ɗayan, wanda ake sakawa tsakanin sifirin da mazaunin aksil ya mayar da hancin inda ya dace. A nemi na baƙin ƙarfe, domin na alminiyom yana murƙushewa ƙarƙashin lodi, kuma a tabbata kan ƙusar tsakiya ya ratsa shi ya shiga raminsa a jikin aksil. In bai shiga ba, aksil na iya gocewa gaba ko baya a birki mai ƙarfi.

Gyara na gaskiya hanya biyu gare shi, kuma duka sun fi yanka ƙarfe biyu wahala. Ta farko ita ce a samo uwar sifirin da ta fi ta asali tsawo daidai da ƙarin zurfin, yadda idon baya zai sauka inda yake tun farko. Haka kamfanonin kirki da ke ƙera sifirin ɗagawa suke yi, irin su Old Man Emu na Ostareliya, shi ya sa nasu ke zama a mariƙin asali ba rigima. Sai dai a kula da wurin ƙusar tsakiya, don tazararta daga idon gaba ita ke yanke inda taya za ta zauna. Hanya ta biyu ita ce a matsar da mariƙin gaba. Kafin a kunna walda, a auna uwar sifirin ta bin lanƙwasarta, wannan shi ne iyakar tsawon da za ta kai in ta miƙe. Tazarar mariƙi daga idon gaba, in aka haɗa da tsawon shakul, dole ta wuce wannan adadi da 'yan santimita. Tazarar idanu lokacin da sifirin ke rataye ba nauyi, in aka haɗa da tsawon shakul, ita ma dole ta wuce tazarar mariƙin. A ɗan ɗiga walda a riƙe, a sauke mota a kan tayoyinta, a yi lodi a duba, sannan a ƙarasa. Mariƙin hagu da na dama su zo daidai da juna, kuma a lulluɓe wurin da ƙarin faranti, don shasi ba ya son walda mai ratsa shi a gicciye.

Game da guduma, ra'ayina shi ne a rage dogaro da ita. Falle da ya gaji ya kwanta, in aka buge shi a sanyi zai tashi, amma gajiyar tana cikin ƙarfen, bayan 'yan watanni zai koma. Sa masa wuta kuwa kashe shi ne, domin ƙarfin sifirin daga horon wuta da sanyaya da aka yi masa a masana'anta yake zuwa, kuma harshen wutar gas yana warware wannan horo a daidai inda ya taɓa. Maƙeranmu sun san darajar wannan ƙarfe fiye da kowa, shi ya sa suke neman karyayyen sifirin su ƙera adda da gatari, amma su sukan sake masa horo daga farko bayan sun gama ƙira. Fallen da aka gasa a gareji aka mayar ƙarƙashin mota ba wanda ya sake masa komai.

Akwai wani abu da ya fi ciwon baya da kukan farfela haɗari, kuma ba a cika ambatonsa ba. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser ƙirar 70 da yawa suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksil. Aikinsa shi ne ya gane nauyin da ke kan mota ta hanyar tazarar shasi da aksil: in mota ta zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ta tashi ya rage don kada tayoyin baya su kulle. Da an ɗaga mota ba a ɗaga mazaunin sandar daidai da haka ba, bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take ko da an cika ta, ya hana birkin baya ƙarfin da ake buƙata. Direban da ke gangarowa daga Gembu da lodi yana taka birki da tayoyin gaba kusan su kaɗai, bai sani ba. Gyaran ɗan ƙarfe ne mai huji biyu. Haka tiyon man birki da ke sauka daga shasi zuwa aksil: in shakul ya ba aksil damar sauka fiye da da, tiyon na iya zama shi ne abin da ke riƙe shi. Shokazoba ma a auna tsawonta, kada ta ƙare kafin sifirin, kada kuma ta yi tsawon da za ta bar shakul ya kai ga miƙewa. Ba banza ba ne a yawancin jihohin Ostareliya ɗagawar da ta wuce milimita 50 a sifirin take buƙatar sa hannun injiniya. Kowane santimita da aka ƙara yana ɗaga tsakiyar nauyin mota, ga kuma kaya da mutane a can bisa.

In an gama komai, kada a ɗaure notin shakul mota tana rataye a kan jak. Bushin roba yana kama ƙusa ne yana murɗawa tare da ita, don haka in aka ɗaure shi a rataye, da an sauke mota ya riga ya murɗe, zai yage da wuri. A sauke ta, a girgiza ta, sannan a ɗaure, kuma kada a matse har fallayen shakul su kama idon sifirin su hana shi lilo. Inda ƙusoshin ke da bakin giris, a riƙa bugawa har tsohon ya fito, musamman bayan tafiyar rairayi ko ƙetare ruwa. Sabon sifirin yana ɗan kwantawa a makonnin farko, ƙusoshin da suka ɗaure shi da aksil suna saki, karkatar shakul tana ƙaruwa kaɗan. Bayan tafiya ɗaya ko biyu da lodi, direba ya koma gareji a sake matse su, a sake sakin zaren nan a auna gefe biyu.